Shafin duba intanet a Legas: wane nisa za ka auna, daga ina zuwa ina?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai gyaran waya a Agege, wanda ya koyi rubuta manhaja. Ya ce ya ga wani shafi na Ingila inda mutum zai sa lambar wayarsa ta gida ko lambar unguwarsa, nan take a gaya masa nisan gidansa daga ofishin waya da gudun intanet ɗin da zai iya samu. Yana son ya gina irinsa don mutanen Legas, saboda kullum sai an tsaya a shagonsa an tambaye shi ko faiba, wato wayar intanet ta zaren gilashi, ta iso layin su. Ta ina zai fara, kuma yaya ake lissafin nisan layi?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin abin da kake son ginawa abu ne da mutanenmu ke buƙata, kuma na ga yadda rashinsa yake cin kuɗin jama'a. Na shafe shekaru ina aikin tsara hanyar waya da haɗa gidaje da shaguna a garin nan, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona. Amma kafin ka rubuta komai a kwamfuta, akwai gyara ɗaya da ya kamata ka yi a tunaninka: shafin da ka gani an gina shi ne don wata irin waya da mu kusan ba mu da ita.

A Ingila intanet ya daɗe yana shiga gidaje ta tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, da fasahar da ake kira ADSL. Ita wayar jan ƙarfe tana shanye ƙarfin saƙo yayin da yake tafiya, kuma shanyewar tana da lissafi sananne. A siririyar waya mai kaurin milimita 0.4, ana asarar kusan desibel 13.8 a kowace kilomita, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin saƙo. ADSL2+ tana iya kai megabit 24 a daƙiƙa ga wanda gidansa ke jikin ofishin waya. Wanda ke kilomita 3 ba zai samu ko rabin haka ba. Wanda ya kai kilomita 5 kuwa da ƙyar layinsa zai yi aiki. Ka ga ke nan a can idan ka san tsawon waya ka san gudu. Ga shi kuma kowace lambar tarho tana da rajistar ofishin da take ƙarƙashinsa, lambar unguwarsu kuma gidaje kaɗan take haɗawa. Mai gina shafin abu biyu kawai zai haɗa ya fitar da amsa.

Mu labarinmu daban ne. Layukan NITEL ba su taɓa isa yawancin gidaje ba, da wayar hannu ta zo a 2001 sai jama'a suka tsallake wayar gida gaba ɗaya. NITEL ta durƙushe, aka sayar da kadarorinta a 2015, wayoyin jan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ruwa ya ci wasu, masu haƙa suka kwashe wasu. Yau mai neman intanet a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago hanya huɗu ke gabansa: faiba har cikin gida, irin ta FiberOne ko ipNX ko MTN, 4G da 5G daga ƙarfen sabis, rediyo da ake kafa wa faranti a saman rufi, irin na Tizeti, sai tauraron ɗan'adam na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Kowace hanya da irin nisan da ya dame ta, kuma babu wadda ta yi kama da na jan ƙarfe.

Bari mu fara da faiba tunda ita aka fi tambayar ka. Haske ne ke tafiya a cikin zaren gilashi, kuma asararsa ƙanƙanuwa ce, kusan desibel 0.35 a kilomita. Tsarin da kamfanoni suka fi amfani da shi, GPON, an yi shi ne ya kai kilomita 20, kuma wanda ke kilomita 1 da wanda ke kilomita 15 gudu ɗaya za su samu muddin hasken ya isa da ƙarfinsa. Na'urorin da aka fi sawa suna jure asarar desibel 28 daga ofishi zuwa gida. Duba inda wannan 28 ɗin take tafiya. Zare ɗaya da ya fito daga ofishi ana raba haskensa gida 8, kowane a sake raba shi gida 8, don ya wadatar da gidaje 64. Kowace rabawa tana cin kusan desibel 10.5, biyu sun ci 21. Mahaɗai guda 4 na tura-ka-cire, a ce kowane rabin desibel, sun ci 2. Wuraren da aka yi wa zaren walda guda 8 sun ci kusan 0.8. Tafiyar kilomita 8 kuwa duka-duka 2.8 ta ci. Jimla 26.6. Ka lura abin da nisa ya ci ɗan kaɗan ne a lissafin, rabawa ce ta ci mafi yawa. Mahaɗi ɗaya da ƙura ta shiga, ko zaren da mai aiki ya lanƙwasa da ƙarfi a kusurwar bango, zai iya cin abin da ya fi tafiyar kilomita 5. Shi ya sa idan fitilar modem ta yi ja ba ma tambayar nisa; na'urar auna haske muke sawa, idan hasken ya yi rauni har ya kai desibel 27 ƙasa da sifili mun san layin ya kai bakin gaɓa.

To wane nisa ne ya rage da ke da amfani? Nisan da ke tsakanin gidan mutum da akwatin rabawa na ƙarshe, wancan ƙaramin akwatin baƙi ko mai ruwan toka da kake gani a jikin falwaya, mai gurbi 8 ko 16. Daga nan ake jan siririyar waya zuwa gida, kuma yawanci ba a son ta wuce mita 200 zuwa 300, ba don haske zai gaza ba, sai don kuɗin waya da falwayoyin da za a rataya ta da yawan wuraren da babbar mota za ta iya tsinka ta. Saboda haka tambayar da shafinka zai amsa tana da rassa uku: akwai akwati kusa, akwai gurbin da ba kowa a cikinsa, kuma akwai hanyar da waya za ta bi daga shi zuwa gidan. Idan ɗaya ya ɓace, amsar ita ce babu, ko da babbar wayar faiba tana wucewa ta ƙofar gidan mutum. Wannan na ƙarshen yana ba mutane mamaki. Sukan nuna maka murfin rami a bakin titi mai sunan kamfani su ce ga ta nan. Wannan babbar hanya ce, kamar jirgin ƙasa da ke wucewa ta bayan gidanka amma tasharsa tana Ikeja.

Na taɓa yin kuskure a kan wannan, kuma har yau yana damuna. Wani dattijo mai sayar da kayan gwari a sari ya zo yana son faiba a ofishinsa don na'urar karɓar kuɗi da kyamarori. Na duba taswirar kamfanin da nake wa aiki a lokacin, na ga akwati bai fi mita 120 daga wurinsa ba, na ce masa ya biya, mako ɗaya an gama. Da ma'aikata suka je sai ga shi akwatin yana ɗaya gefen babban titi mai hannu biyu, ba yadda za a ratsa da waya ta sama saboda tireloli, haƙa kuwa sai da izinin hukuma. Na gefensa kuma gurabensa sun cika. Wata uku kuɗinsa suna riƙe, yana kira na yana cewa, "Injiniya, ai kai ka ce mini akwai." Gaskiyarsa ce, ni na ce. Taswira ba ta yi ƙarya a kan mita 120 ba, ni ne na auna abin da bai kamata a auna ba.

Daga nan sai maganar lissafin nisa da ka tambaya. Idan kana da wurare biyu a kan taswira, akwai tsohon lissafi mai suna habasin da ke ba ka nisan miƙe-tsaye, yana ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mai nisan kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa baya. Layi biyar ne a kowane harshen manhaja. Legas tana kusan digiri 6.5 arewa da 3.4 gabas, kuma digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka ka riƙa ajiye lambobi biyar bayan ɗigo, wanda zai ba ka daidaiton kusan mita ɗaya. Idan ka sa bayananka a rumbun bayanai na PostgreSQL da ƙarin PostGIS mai lissafin taswira, shi zai yi maka duk wannan, ya nemo akwatunan da ke cikin mita 300 cikin ƙiftawar ido. Ka dai kula kada ka bar shi ya auna da digiri ka zaci mita ce. Ko ka zaɓi nau'in da ke auna bayan ƙasa, ko ka mayar da komai ma'aunin UTM, mai auna wuri da mita, shiyya ta 31 arewa, wadda Legas take ciki.

Sai dai nisan miƙe-tsaye na tsuntsu ne, waya kuwa titi take bi. Masu tsara layi sukan ninka shi da 1.3 ko 1.4 don su kusanci gaskiya, kuma a unguwa mai shimfiɗaɗɗun layuka hakan yana aiki. A Legas akwai wuraren da wannan ninki ba ya tsinana komai. Ka tsaya a bakin ruwa a Apapa, kana hango gine-ginen Marina kamar ka miƙa hannu, amma abin da zai bi ƙasa sai ya zagaya ta Ijora ya hau gadar Eko. Ba sai mun je da nisa ba ma: layin dogo da ya raba Agege biyu, tun da aka katange shi, gida biyu da ke kallon juna sun zama kamar garuruwa biyu a wurin mai jan waya. Haka babban titin Abeokuta, haka manyan magudanan ruwa. Maganin wannan shi ne ka ɗauko titunan buɗaɗɗiyar taswirar OpenStreetMap ka auna nisa a kansu da manhajar neman hanya, OSRM ko pgRouting, sannan ka zana shingaye da hannunka: layin dogo, titi mai hannu biyu, ruwa, katangar bariki ko rukunin gidaje masu ƙofa. Duk akwatin da ke bayan shinge, manhajarka ta ɗauke shi kamar babu shi. Kada ka yi amfani da hanyar mota wajen aunawa, domin waya ba ruwanta da titin da ake bi ta hannu ɗaya. Hanyar mai tafiya a ƙafa ta fi kusa da gaskiya.

Duk wannan mai sauƙi ne idan ka san inda mutumin yake, kuma nan ne matsala ta biyu. Lambar unguwa ta NIPOST mai lambobi 6 tana haɗa yanki mai faɗi, ba za ta nuna maka gida ba, kuma mutum nawa ka sani da ya haddace tasa? Adireshinmu na baki ne: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu idan ka wuce mai shayi. Titunan da ake kira Market Road ko Church Street a jihar nan sun fi a ƙirga. Wanda ya rubuta Pen Cinema zai iya zama ko'ina cikin zagayen kilomita guda. Shawarata ita ce kada ka dogara da rubutaccen adireshi. Ka ba mutum maɓalli ɗaya da zai danna wayarsa ta faɗi inda yake, sannan ka nuna masa taswira ya ja alamar da yatsa har ta zauna a kan rufin gidansa. Manhajar lilo ba ta ba da wuri sai shafinka yana kan HTTPS, kuma tare da wurin tana ba ka adadin kuskuren da zai yiwu. Idan ya haura mita 50 ka ce wa mutum ya fito waje ya sake, domin rufin kwano da bene suna rikita GPS. Lambar IP kuwa, wato lambar da na'ura ke fita intanet da ita, ka manta da ita gaba ɗaya. Kamfanonin waya suna fitar da dubban mutane ta lamba ɗaya, har mutumin da ke zaune a Kano sai ka ga an nuna shi a Legas. Idan kana son akwatin bincike don taimako, Nominatim, mai nemo wuri daga rubutaccen adireshi, kyauta ne amma ƙa'idarsa tambaya ɗaya a daƙiƙa, na Google kuma da kuɗi idan ka wuce iyaka. Ka kuma tara naka jerin sunayen da jama'a ke faɗa da bakinsu, Zango, Markaz, Oke-Koto, kwatar Oko-Oba, domin su mutane za su rubuta.

Yanzu ga babbar maganar, wadda idan ba ka warware ta ba sauran duk ado ne: ina za ka samu bayanin inda akwatunan suke?

Babu wani buɗaɗɗen rumbu da za ka sauke. Hukumar sadarwa ta NCC tana wallafa alƙaluman masu amfani da intanet da bayanan ingancin sabis, amma wannan na manyan yankuna ne, ba na falwaya ɗaya-ɗaya ba. Kamfanoni suna riƙe taswirarsu gam, kuma suna da dalili biyu masu ƙarfi. Na farko kishiya: idan abokin gasa ya ga inda ka sa akwati ya san inda kasuwarka take. Na biyu ɓarna: ana yanke faiba a garin nan kullum, masu gyaran titi da masu haƙa kwata da ɓarayin da ke zaton jan ƙarfe ne, har ta kai a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Ina roƙon ka ka ɗauki wannan da muhimmanci. Ko da ka samu ainihin wurin kowane akwati da kowane rami, kada shafinka ya nuna su a taswira. Ya karɓi wurin mutum, ya yi lissafi a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya mayar da amsa kawai. Ka kuma taƙaita yawan tambayar da mutum ɗaya zai iya yi, don kada wani ya sa manhaja ta bi garin ɗigo-ɗigo ta zana taswirar da ka ɓoye.

Hanya ta farko ita ce ka je wurin ƙananan kamfanonin. Manya ba za su saurare ka da wuri ba, amma ƙaramin kamfani da ke da akwati 200 a Agege da Ogba yana asarar kuɗi sosai wajen tura ma'aikaci a babur ya je duba gidan da ba zai haɗu ba. Ka ce masa: ba ni wuraren akwatunanka da guraben da suka rage, ni kuma in turo maka mutanen da na tabbatar suna cikin zango. Wannan ciniki ne da zai fahimta, kuma nan ne kuɗin shigarka zai fito, lada a kan kowane gidan da aka haɗa. Yawancinsu bayanan suna cikin fayil ɗin KML na Google Earth ko a jadawalin Excel, kuma za ka tarar da kurakurai: an juya arewa da gabas, akwati ya faɗa tsakiyar teku, an cire wani tun bara ba a goge ba. Tsabtace wannan shi ne rabin aikinka. Ku yi yarjejeniya a rubuce, kuma ku tsayar da ranar da za su riƙa sabunta maka adadin gurabe, ko da sau ɗaya a mako ne, domin akwatin da ke da gurbi biyu yau jibi ya cika.

Hanya ta biyu ita ce jama'a. Wanda yake da faiba a gidansa shi ne shaida mafi ƙarfi cewa ta iso layin. Ka sa wani ɓangare inda mutum zai ce, ina nan, kamfani kaza nake amfani da shi, ga gudun da nake samu. Shagonka ma kansa wurin tara bayani ne. Duk wanda ya kawo gyara ka tambaye shi. Gwajin gudu kada ka wahalar da kanka wajen ƙirƙira, akwai LibreSpeed da za ka ɗora a sabarka, akwai na M-Lab da bayanansa ke buɗe. Ookla, kamfanin gwajin gudu, ma tana fitar da matsakaicin gudu duk wata uku a murabba'ai masu faɗin kusan mita 600, sai dai lasisinsa bai yarda da kasuwanci ba, ka karanta shi da kyau. Sabar gwajin kuma ta kasance a Legas, a cibiyar da ke haɗe da IXPN, mahaɗar da kamfanonin cikin gida ke musayar bayanai. Idan ka ajiye ta a Landan, abin da kake aunawa ya haɗa da wayoyin ƙarƙashin teku. Wanda ya ga 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san cewa layin gida yana iya zama lafiya lau intanet kuma ya tsaya. Ka kuma ajiye lokacin da aka yi kowane gwaji. Gudun ƙarfe 10 na safe da na ƙarfe 9 na dare a Agege ba ɗaya ba ne, na daren kuma shi ne wanda mai gida zai rayu da shi.

Hanya ta uku da wasu za su ba ka shawara ita ce ka sa manhaja ta riƙa shiga shafukan kamfanoni tana kwaso amsoshinsu. Ban goyi bayan haka ba. Ka saɓa sharuɗɗansu, za su toshe ka, kuma ka ɓata dangantaka da mutanen da gobe kake son su ba ka bayanai da hannunsu.

Game da 4G da 5G, nisa yana da tasiri amma shi kaɗai ba ya faɗin komai. 5G da MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023, tana kan zangon gigahaz 3.5, wanda ba ya ratsa bango kamar ƙananan zanguna irin 700 da 800 megahaz. Mutum zai iya zama mita 300 daga ƙarfen sabis, amma eriyar tana kallon wani gefe, ko bene mai hawa huɗu ya tare shi, ko kuma mutanen kasuwa dubbai suna kan wannan ƙarfen. Rumbun bayanai na OpenCelliD zai ba ka wuraren turakan sabis, amma ƙiyasi ne daga wayoyin mutane, ba ainihin inda aka kafa ba. Abin da ya fi amfani shi ne awon da waya ke yi da kanta: ƙarfin sigina da ake kira RSRP, wanda 80 ƙasa da sifili yana da kyau, 110 kuwa an kai ƙarshen zango, da kuma tsabtarta daga hayaniya. Shafin intanet ba zai iya karanta waɗannan ba, sai manhajar Android. Ka bar wannan zuwa zagaye na biyu. Rediyon rufi kuwa sharaɗinsa faranti ya ga turke ido da ido, da ɗan fili kewaye da layin ganin. A nisan kilomita 5 kan gigahaz 5.8 ana son kusan mita 5 babu cikas a tsakiyar hanya. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ba tudu ke tarewa ba, gini ne da tankin ruwa da allon talla, kuma taswirar tudu ta SRTM mai faɗin mita 30 ba ta ganin su. A nan shafinka ya ce kana cikin zango, sai an hau rufi an duba. Starlink shi ba ruwansa da nisan titi, sarari yake so a sama, sai dai ya taɓa dakatar da karɓar sababbin mutane a Legas saboda cunkoso, don haka ka tura mutum shafinsu ya duba da kansa.

Yadda za ka faɗi amsa yana da nauyi kamar lissafin kansa. Amurka ta yi shekaru tana ƙirga yanki duka a matsayin mai intanet idan gida ɗaya a cikinsa ya samu, har mutane da yawa suka kasance a takarda suna da shi a zahiri babu. Sai a Nuwamban 2022 hukumarsu ta FCC ta fitar da sabuwar taswira ta gida-gida, tare da ba jama'a damar ƙalubalantar abin da aka rubuta a kan gidansu. Ka ɗauki wannan darasi tun daga farko. Kada ka shafa wa Agege duka launin kore. Amsarka ta zama hawa-hawa: na farko, an tabbatar, akwai akwati da gurbi a mita kaza, bayanin ranar kaza; na biyu, akwai alama, maƙwabtanka uku suna da ita amma ba mu tabbatar da gurbi ba; na uku, ba mu da bayani a kan layinku. Wannan na ukun kada ka haɗa shi da babu, domin abubuwa biyu ne mabambanta. Ƙarƙashin kowace amsa ka sa maɓallin da mutum zai ce wannan ba daidai ba ne, kuma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada ya biya kuɗi sai ma'aikaci ya zo ya gani, gani ya kori ji.

Wurin gidan mutum da lambar wayarsa amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka daga ranar da ka fara tara su. Ka nemi izini a fili, da Hausa da Yarbanci da Turanci, ka faɗi wa za ka ba lambar. Wanda ya zo dubawa kawai, kada ka ajiye ainihin wurinsa. Rahotannin jama'a kuma idan za ka nuna su ka dunƙule su cikin yanki, irin na tsarin H3 da ke raba taswira kamar saƙar zuma, kuma kada yanki ya bayyana sai ya tara rahoto da dama, don kada a gane cewa gidan wane ne yake da kayan intanet masu tsada.

Kayan aiki ba su da yawa: PostGIS a baya, Leaflet don taswira, ƙaramar saba da Python ko Node, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi. Abu ɗaya da zan nace a kai shi ne shafin ya zama marar nauyi. Wanda ya fi buƙatar sa shi ne wanda sabis ɗinsa ba shi da kyau, yana riƙe da ƙaramar waya da datar naira 200. Amsar ta fito da rubutu tukuna, taswira ta biyo baya. Da yawa daga cikin mutanenmu na kasuwa ma sun fi son su turo wurinsu ta WhatsApp a mayar musu da amsa, har da saƙon murya, don haka ka gina lissafin daban da shafin, yadda za ka iya jona masa kowace ƙofa daga baya.

Kada ka fara da Legas duka. Ka ɗauki gefe ɗaya na layin dogo a Agege, inda ka san kowane lungu, ka samu kamfani ɗaya ko biyu, ka shigar da akwatunansu. Sannan ka zaɓi gidaje 50, ka rubuta abin da manhajarka ta ce a kan kowane, ka bi ma'aikacin kamfanin ranar Asabar ku je ku duba da ƙafa. Duk inda ta ce akwai aka tarar babu, ka tsaya ka gano dalili: shinge ne ba ka zana ba, gurbi ne ya cika, ko alamar ce ta zauna a rufin da ba shi ba. Idan ka gama zagayen nan ka turo mini sakamakon, da hoton akwatunan da suka saɓa, mu zauna mu duba su tare kafin ka tsallaka wancan gefen dogon.